Maganin da Ba a Karɓo wa Mutum

Na sauka a Guangzhou ba wanda ya zo tarbata, alhali ɗan cikina yana garin. Na tsaya da akwatina a bakin ƙofar fita ina kallon 'yan kasuwar da muka zo jirgi ɗaya suna gaisawa da wakilansu, ana ta sannu da hanya, ni kuwa ina ta gyara mayafi ina leƙe-leƙen ƙarya. Wata 'yar Maraɗi da muka zauna kusa da juna a jirgi, Hajiya Mariama, har ta yi gaba sai ta dawo.

"Hajiya, mi ya faru? Ba a zo ɗaukarki ba?"

Na ce yaron aiki ne ya yi masa yawa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta kama hannun akwatina ta ce, "Mu tahi Sanyuanli, can nike sabka. In kin huta kya neme shi."

Yaron da nake magana ɗana ne na fari, mu kuwa a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, a nan ma ba zan rubuta ba. Ban taɓa zama na yi hira da shi ba, ko waya ban taɓa buga masa da hannuna ba. In ina da magana sai in gaya wa ƙanwarsa Zainabu ta isar. Shi ma Hajiya yake ce min, kamar yadda masu sayen atamfa a shagona suke cewa. Karatu ne ya kawo shi China, da ya gama ya zauna yana saro mana kaya, ni da wasu 'yan layinmu na kasuwa, yana yi mana lodi. Ina alfahari da shi a cikina, amma in aka yabe shi a gabana sai in taɓe baki in ce, "Wannan? Ai ba ya jin magana."

Sai kaya suka fara zuwa a hargitse, daga baya suka daina zuwa gaba ɗaya. Ya daina ɗaukar wayar Zainabu. A wajen wani suna, matar wani ɗan kasuwa da bai daɗe da dawowa daga China ba ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, sai addu'a. Allah Ya shirya mana zuri'a." Da na matsa mata ta sunkuyar da kai ta ce giya. Mahaifinsa ya rasu, baffanninsa kuwa in suka ji, gari ya ji. Shi ya sa na nemi bizar 'yan kasuwa, mai ƙarewa da wuri, na gaya wa kowa sarin leshi za ni.

Washegari na bi kwatancen da Zainabu ta ba ni, na shiga lungunan Sanyuanli. Gidaje sun haɗe kai ta sama har rana ba ta sauka ƙasa, wayoyin lantarki a cukurkuɗe, ruwa yana ɗigo wa mutum a ka bai san daga ina ba. A ƙofar gidan na tarar da mai gidan, wata tsohuwa 'yar China da silifas, tana gyaran ganye a roba. Na nuna mata hotonsa a waya. Ta dubi hoton, ta dubi fuskata, ta yi ajiyar zuciya. Ta goge hannu a rigarta ta ɗauko makullai ta yi gaba, na bi ta.

Warin ne ya fara tarbata. Yana kwance a katifa a ƙasa, ƙananan kwalabe jere a gindin bango, wasu a tsaye wasu a kwance. Idanunsa sun yi rawaya, ƙafafunsa sun kumbura. Da ya gane ni sai ya yunƙura zai durƙusa ya gaishe ni, gwiwarsa ta ƙi, ya kife gefe.

"Hajiya, sannu da zuwa."

Na ji kamar in faɗa kansa in rungume shi. Abin da na yi shi ne na juya na fuskanci taga, na ce wa bango, "Wani ya tashi ya wanke fuskarsa, ɗakin nan ba ya shiguwa." Iyakar abin da na iya ce masa ke nan, ni da na tsallako duniya saboda shi.

Na kwaso kayana daga masauki na tare a ɗakin. Na share, na wanke, na tuƙa tuwo da kuka da daddawar da na zo da su. Yana ci kaɗan, ya yi godiya, ya ce zai sauka ya sha iska. Iskar kuwa tana wani ɗan kanti ne a bakin lungu, inda ake sayar da kwalba kusa da ruwan sha da biskit, ba mai ko kallon mutum. Na gaya wa bango cewa akwai jirgin Kano, wani ya haɗa kayansa. Sai ya amsa, shi ma bai dube ni ba.

"Hajiya, gara a kai gawata da in shiga Kano a haka."

A wani gidan abinci na mutanenmu da ke wajen titin Liuhua Lu na fara neman magani. Ban ce ɗana ba, na ce ɗan maƙwabciyata ne a gida. Wani mutum a teburin gefe, da shadda mai maiƙo da hula zanna, ya taso ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Bakano ne, har unguwarmu ya kwatanta min. Ya ce ya san wani tsohon mai maganin gargajiya na 'yan China, garin magani yake bayarwa, a barbaɗa wa mutum a miya bai sani ba, ya tsani warin giya har abada. Ya ce, "Mama, ni ɗanki ne, ko kuɗin mota ba zan karɓa ba, na maganin kawai." Na ba shi abin da ya yanka ban ko taya ba, ni da ake tsoron cinikina a kasuwa. Ya kawo min garin, na yi ta barbaɗawa a miya. Yaro ya yi ta zarya banɗaki, in ya fito kuma ya sauka shan iska. Da na nemi mai shadda a waya, layin a kashe yake, masu gidan abincin kuma kowa ya ce bai san shi ba. Har yau in na tuna durƙuson nan raina ɓaci yake.

Haushin wannan ne ya hau kaina. Na jira yaron ya yi barci da rana, na tattara kwalaben da suka rage na tsiyaye su a masai, na kulle ƙofa na ɗaure makulli a haɓar zanina. Na ce in dai giyar ba ta shigo ba, shi kuma bai fita ba, ai dole a rabu. Da farko roƙo ya yi ta yi, yana cewa, "Hajiya, don Allah, kaɗan kawai, ba ki san yadda abin yake ba." Na toshe kunnena da lazimi. Sai hannunsa ya fara rawa, gumi ya jiƙa katifa, ya riƙa kaɗe wasu abubuwa daga jikinsa yana cewa suna hawansa. Wata safiya ina wanke tukunya na ji tim. Na juyo na gan shi a ƙasa ya sandare, yana jijjiga, kumfa a bakinsa, kansa yana bugun ƙafar tebur.

Na ɗauka iska ce ta buge shi. Na durƙusa ina karanto duk abin da ya zo bakina ina tofa masa, ina kururuwa a tsakani. Tsohuwar mai gida ce ta ji, ta buɗe da nata makullin. Ta ture ni gefe, ta juyar da shi kan haƙarƙarinsa, ta cusa masa matashi a ƙarƙashin kai, tana ta faɗa a waya. Da motar asibiti ta zo ta shiga tare da mu, da silifas ɗinta, ta riƙe hannuna har muka isa. Ba na jin ko kalma ɗaya ta yarenta, ita ma ba ta jin nawa, amma ba ta sake ni ba.

A asibiti dole na kira Mariama, don ba ni da bakin magana da likita. Nan asirin da nake ta rufewa ya buɗe. Ba ta yi salati ba, ba ta yi min kallon tausayi ba, ta ce, "Hajiya, tun hilin jirgi na san akwai abu. Kowa da nashi." Likitar yarinya ce ƙarama, da Mariama da Sinancinta na kasuwa da wayar da ke fassara suka haɗu suka fahimtar da ni. Wanda ya daɗe yana sha haka, in ji ta, ba a yanke masa lokaci ɗaya a ɗaki, sai a asibiti ana lura da shi. Kullewar da na yi ce ta kusa kashe shi. Hantarsa kuma ta taɓu, in ya koma sha ba zai yi nisa ba.

Na zauna a ƙasa a wajen, a tsakiyar hanyar mutane. Na ce a gaya mata ta ba ni maganin da zai raba shi da ita, ko nawa ne. Ta girgiza kai. Ta ce su za su iya fitar da shi daga wannan halin, amma abin da zai hana shi komawa ba a kantin maganinsu yake ba. Ta yi wani dogon bayani, ta sa min adireshi da lamba a wayata. Abin da ya iso kunnena ta bakin Mariama shi ne, "Wai akwai wani wuri da aka raba mutane da giya, har baƙi na zuwa, da Turanci suke yi." Ni kuwa nan take na fassara wa kaina: gidan mai magani.

Na nuna wa mai tasi adireshin ya kai ni wani dogon bene. A hawan da aka rubuta, ba kowa sai masu sayar da rigunan waya. Mai gadi ya dubi wayata ya kaɗa hannu yana cewa, "Meyo, meyo," wato babu. Wannan kalma na sha ta a garin nan har ta ishe ni. Na fito na zauna a gefen titi, motoci da kekuna suna ta wucewa, na ji kewar Kano ta taso min. A gida ko maganin me kake nema, kafin ka rufe baki wani ya ce ƙanin matarsa ya san wajen, a sa ka a adaidaita sahu a kai ka har ƙofa. Nan ga Hausawa cike da kasuwa, amma ba wanda zan iya tambaya, don duk wanda na tambaya, kafin in koma masauki labari ya riga ni isa Kantin Kwari. Bizata kuma tana ta cinyewa.

Na yi ta maza na buga lambar. Wata mata ta ɗauka da Turanci. Turancina na ciniki ne, na harhaɗa mata ɗa, da sha, da magani. Ba ta yi dariya ba, ta riƙa magana a hankali tana maimaitawa har na gane sun tashi daga wancan benen, kuma ranar Lahadi da rana 'yan'uwa ma suna iya zuwa. Ta turo min taswira.

Ranar Lahadi na wanke gorar ruwa tas na sa a jaka, na ƙulle abin sadaka daban, kamar yadda duk mai zuwa karɓo wa mara lafiya rubutu yake yi. Mariama tana wajen lodi, ni kaɗai na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na fita ta ƙofar da ba ita ba, na koma, na sake ɓata, sai da wata mai shara ta ajiye tsintsiyarta ta raka ni har bakin titin. Duk tsawon hanyar abu ɗaya ne yake damuna: mai magani zai tambayi sunan mara lafiya da sunan uwarsa, ni kuwa da wane baki zan faɗa?

Wurin a saman wani shagon gyaran kekuna yake, sai an hau matakala mai tsawo. Ɗaki ne fili, kujerun roba a zagaye, butar shayi da kofunan takarda a kan tebur. Ba turare, ba kwalaben magani, ba mai farar riga. Akwai Turawa, akwai 'yan China, akwai wani Ba'indiye da jakar ofis. Wata Baturiya mai furfura, ina jin ita ce ta waya, ta ba ni kujera ta miƙo min shayi. Na zauna na rungume jakata ina jiran babbansu ya fito.

Ba wanda ya fito. Sai wannan ya yi magana, kowa ya yi shiru yana saurare, ya gama a ce masa an gode, wani ya ɗauka. Wani saurayi ɗan China ya yi magana yana kuka, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, na kusa da shi ya tura masa kofi kawai. Aka kira wata mata aka tafa mata. Ina ta duban ƙofar ciki, ashe ma ɗakin ajiye tsintsiya ne.

Ana cikin haka wani baƙin mutum ya shigo a makare ya zauna. Ashe na san shi. Dattijo ne da ake girmamawa a kasuwa, na ga manyan alhazai suna miƙa masa hannu biyu, ga tabon salla a goshinsa. Ba zan faɗi sunansa ko sana'arsa ba, iyaka in ce Bahaushen Kumasi ne. Shi ma ya gan ni, na ga ya ɗan tsaya. Da layi ya zo kansa ya faɗi sunansa, ya faɗi kalmar da kowa yake faɗa bayan sunansa. Zuwa lokacin na riga na gane ma'anarta: mashayi.

Da aka tashi ya zo ya gaishe ni da Hausarsu ta can, wadda ba ta raba mace da namiji. Na zaro gorar na miƙa masa.

"Alhaji, tunda kai ɗan gida ne, taimaka min. Wa ke ba da maganin? Yaron yana asibiti, ni na zo karɓar masa."

Ya dubi gorar, ya daɗe yana dubanta. "Hajiya, ka zauna tukuna. Babu magani a nan. Abin da ka gani shi ke nan, kujeru da mutane."

Raina ya ɓaci, na manta a inda nake. "Kana nufin na bar yaro rai a hannun Allah, na yi ta ɓata a ƙarƙashin ƙasa, don in zo in ga mashaya suna shan shayi suna tafa wa juna?"

"Haka ne," in ji shi. "Ni ma ɗaya ne a cikinsu. Tsohuwata ya gaji da yawon gidan malamai saboda ni, na sha rubutu ya fi tulu. Ban ce addu'a ba ya aiki ba, addu'arsa ne ya kawo ni nan. Amma sai da na hau matakalan nan da ƙafata, na faɗa da bakina a gaban waɗanda suka san abin. Yau ban sha ba. Gobe in na ji zan sha, akwai wanda zan kira. Wannan ba a karɓo wa mutum, Hajiya."

Na ce to shi ya je ya gaya wa yaron, ya ce in ji ni ya zo nan, ya ce in ji ni in bai bari ba mutuwa zai yi. Na ce ɗan fari ne, ai ya san al'ada.

"Na sani. Zan je in gaishe shi, in ya yarda. Amma labarina zan ba shi. Saƙonka kai za ka kai." Ya rage murya. "Kuma ina roƙo, wanda ka gani a nan, ka bar shi a nan."

Na yi masa alkawari, muka yi musayar lambar waya. Gorar a kan teburin shayi na bar ta, ban ma tuna da ita ba sai a jirgin ƙasa.

Ya cika magana, ya zo asibiti da lemo a leda. Na ba su wuri na zauna a baranda. Sun daɗe. Na jiyo muryar dattijon tana ta tafiya, can na jiyo yaron ya yi dariya, rabona da jin dariyarsa tun yana ɗan makaranta. Daga baya na jiyo wani sauti da na san kuka ne, na tashi na ƙara nisa.

Aka sallame shi, ya rame sai idanu. Na sa rai zai nemi wurin da kansa. Ranar zama ta zo ya ce jiri yake ji. Wata ranar zaman ta zo ya ce, "In wani ɗan Kano ya gan ni ina shiga fa?" Na gaya wa bango cewa wani yana wasa da ransa. Wata la'asar ya sauka sayen burodi ya daɗe, da ya dawo ya wuce ta gabana na ji warin, kaɗan ne amma shi ne. Ban yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ya ƙare. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada ya ji, na yi kuka har numfashina yana sarƙewa. Na san zan tafi in bar shi, kuma na san abin da likita ta ce.

Ranar tafiyata ta faɗo daidai da ranar zamansu na yamma, wanda masu abin kaɗai suke shiga. Na fito daga wanka na tarar ya sa kaftaninsa mai kyau, ya yi masa yawa kamar na aro, ya ɗaure min akwati zai raka ni filin jirgi. Bakina ya buɗe zai nufi bango kamar kullum. Na juyo da kaina da ƙyar na dube shi, ido cikin ido. A ranar na ga ashe yana da tabo a girarsa ta hagu, tsohon tabo, ban san yaushe ya ji ciwon ba.

Na ce, "Ba za ka raka ni ba."

Ya razana, ya duba bayansa ko da wani nake. "Hajiya, me mutane za su ce? Ban tarbe ki ba, kuma in ƙi raka ki? Jirgin nan cike yake da 'yan layinku."

"Su ce, bakinsu ne. Da kai nake magana, ka dube ni. Tsoro nake ji. Kullum wayata ta yi ƙara sai in ce yau za a gaya min ka mutu a ɗakin nan kai kaɗai. Na barbaɗa maka garin magani a miya, na kulle ka, na kusa kashe ka, dabarata ta ƙare. Ba ni da sauran abin da zan yi maka. Rakiyar da nake so, ka kai kanka wajen mutanen nan yau."

Hawaye suka zubo masa. Ya sauko min da akwati har bakin lungu inda Mariama take jira da tasi, don jirgi ɗaya za mu koma. Tsohuwar mai gida ta cusa min lemo biyu a jaka tana ta surutu. Motar ta tashi na juya ina kallonsa ta gilashin baya. Yana tsaye, ɗan kantin nan a hagunsa, hanyar tashar jirgin ƙasa a damansa. Muka sha kwana ban ga inda ya nufa ba.

A filin jirgi 'yan layinmu suka yi ta tambaya ina yaron, na ce yana da uzuri. Da magariba ta kawo jiki na kasa daurewa, na koma gefe na buga wa dattijon Kumasi.

"Alhaji, ya zo?"

"Hajiya, ba na faɗin wanda ya zo da wanda bai zo ba."

"Ni uwarsa ce! Yanzu zan hau jirgi!"

"Na sani, ka yi haƙuri. In na gaya maka nasa, gobe zan gaya wa wani na wani, daga nan ba mai sake hawa matakalan nan. Yana da waya, ka tambaye shi."

Na kashe ina huci, na zage shi a raina zagi mai kyau. Na tsaya riƙe da wayar, an fara kiran masu shiga jirginmu. Lambar yaron tana ciki, Zainabu ce ta sa min, ban taɓa danna ta ba. Na danna. Ta yi ta ƙara har na fid da rai, sannan ya ɗauka.

"Hajiya? Lafiya?"

"Kana ina?"

Ina jin ƙarar guduma a kan ƙarfe a kusa da shi. "Ina ƙasan benen, wajen mai gyaran keke. Tun ɗazu nake nan. Na kasa hawa."

Mariama tana ɗago min hannu daga layi, na kau da kai. Na ce, "To ga ni a waya. Hau, ina jin ka."

Na ji takunsa, a hankali, yana haki kamar tsoho. Ya tsaya a tsakiya, na ce, "Ina nan." Ya ci gaba. Ƙarar gudumar ta yi nisa. Sai na ji ƙwanƙwasa ƙofa, na ji an buɗe, muryoyi da motsin kujeru suka fito, wata murya ta yi masa maraba da Turanci.

"Hajiya," in ji shi, "a nan za ki tsaya. Allah Ya kiyaye hanya."

Ya kashe. Ban san abin da gobe za ta yi da shi ba, har yau ma kullum da tsorona nake kwana. Amma na daɗe a wajen da wayar manne a kunnena, ba kowa a kan layin, sai da Mariama ta zo ta ja ni muka shiga jirgi.